Iskar Ɗakin Iya

Fammar, ranar Talata

Zuwa ga Gwaggo Saratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya 'yan makarantar da kike dafa wa abinci? Ina gaida Baba Mika'ilu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin ce in riƙa rubuto miki tunda Baba ya tafi cirani da wayar gidan. Ko da ma wayar tana nan, kin san in na ji muryarki bakina mutuwa yake yi. Kin kuma ce kada rubutuna ya kwanta don na gama firamare. To ga shi na fara. Malam Gwadabe direba ya ce duk ranar da ya shiga Rano zai miƙa miki a ƙofar makaranta.

Umma tana Saji wajen wankan jego, an ce jaririn ya yi kumatu. Ni da Iya ne kawai a gida. Mun gama ɓarar gyaɗa, Iya ta koma suyar ƙuli-ƙulinta. Jar akuyar nan ta haihu, Iya ta ce ɗan naki ne in kin zo.

Sai dai Iya tana tari tun da sanyi ya shigo. Da safe kuma ta tashi da ciwon kai, ni ma wani lokacin haka nake tashi. Ta sha citta da kanumfari, ta sha zuma, tarin bai tafi ba. Da na ce mu je asibitin Kibiya sai ta ce, "Ni da na haifi ubanki a kan tabarma, yau tari ne zai kai ni gaban likita?" Na yi ta lallashi har ta yarda. Wata ma'aikaciya, Malama Nana Khadija, ta saurari ƙirjinta, ta karɓi kakinta aka gwada. Jiya muka koma, ta ce ba tarin fuka ba ne, alhamdu lillahi. Ta ba da magani. Ta yi mini tambayoyi da yawa a kan ɗakin da muke kwana, sannan ta ce iska ce. Ta ce iskar da ke ɗakin Iya ba mai kyau ba ce, ita ce take shiga ƙirjinta, kuma magani kaɗai ba zai yi ba sai an fitar da ita.

Ga Malam Gwadabe can yana ta danna hon. Zan ƙarasa miki a ta gaba.

'Yarki,
Afra'u

Rano, ranar Alhamis

Afra'u 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo. Ni lafiya, Babanki Mika'ilu ma lafiya, yana amsawa. Ki gaida Iya da jiki, ki ce Allah ya ƙara sauƙi.

Rubutunki ya yi kyau, amma kin ajiye mini babbar magana a ƙarshe kamar tsakuwa a shinkafa. Ina tsaye a bakin tukunya na karanta, sai da ludayi ya faɗi daga hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Har mutanen asibiti su faɗa da bakinsu, su da ba su cika yarda da irin wannan ba? To abin ya girma ke nan.

Ni dama raina bai taɓa kwanciya da tsamiyar nan ta bayan ɗakin Iya ba. Tun muna yara ake hana mu zuba ruwan zafi a gindinta, ni da ubanki. Wa ya sani ko wani ya zuba bai yi bisimilla ba.

Ga ƙulli nan na ba Malam Gwadabe. Turare ne na karɓo wajen wani mai magani a kasuwa, an ce ba sa zama inda aka kunna shi. Ki zuba a garwashi safe da yamma. Ki rufe ƙofa, ki toshe duk wata kafa, kada hayaƙin ya samu hanyar fita, Iya tana ciki. Ku yawaita Ayatul Kursiyyu. Kuma ki daina kiran sunansu a fili, ko a takarda. In ya zama dole ki ce mutanen ɓoye.

Abu na ƙarshe. In har ba a ga sauƙi ba, zan turo mota a ɗauko Iya ta dawo Rano gaba ɗaya, a sa wa ɗakin nan kwaɗo. Ke kuma ki tafi Saji wajen uwarki. Ba zan zauna ina dafa wa 'ya'yan mutane abinci ba, tawa uwar tana kwana da abin da ba a gani.

Gwaggonki,
Saratu

Fammar, ranar Litinin

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya sanyi? Iya tana amsa gaisuwa. Jikin nata da dama-dama, tarin dai yana nan. Ɗan akuyarki ya fara tsalle, jiya ya faɗa cikin kwandon ƙuli, Iya ta bi shi da muciya.

Na karanta wa Iya takardarki, amma na tsallake wajen tsamiya da wajen Rano. Ki yi haƙuri.

Ƙullin ya zo, mun gode. Na yi yadda kika ce sau ɗaya, don ba na so in saɓa miki. Na rufe ƙofa, na zuba a garwashi. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya turnuƙe, ba na ko ganin gadon Iya. Ta yi ta tari har hawaye na zuba, ni ma haka. Da na buɗe ƙofar ta fito tana fifita da bakin zani, ta ce, "Afra'u, banda za ki yi da ni? Ki gaya wa Saratu in kifi take marmari ta je kasuwa, ni tsohuwa ce ba tarwaɗa ba." Na ajiye sauran turaren a cikin kwalla, ban ƙara kunnawa ba.

Gwaggo, ina ganin ban rubuta miki da kyau ba a waccan takardar. Shi ya sa na koma wajen Malama Nana Khadija, na ce ta sake faɗa mini a hankali in rubuta. Ga yadda ta ce.

Ta ce wadda ta fi haɗari ba a ganinta, ba a jin warinta. Wajen garwashi take fitowa. Tana son ɗaki rufaffe. Tana sa ciwon kai da nauyin jiki, har mutum ya so ya tashi ya kasa. Ta ce akwai gidajen da aka kwanta da ita ba a wayi gari ba. Ta fi saurin kama tsofaffi da jarirai. Ta ce a huda bango daga sama a ba ta hanya, za ta fita da kanta.

Iya ta ce ba mai taɓa mata bango. Ni dai yanzu ina lallaɓawa in fitar da kaskon wuta waje kafin mu kwanta, tana ta faɗa.

Ina fata yanzu kin gane, Gwaggo.

'Yarki,
Afra'u

Rano, ranar Laraba

Afra'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma hankalina ba a jikina yake ba. Kullum sai na leƙa ƙofar makaranta, ba Gwadabe ba dalilinsa. Ashe motarsa ce ta lalace, takardarki tana aljihunsa tana shan baƙin mai. Sai jiya, bayan kwana takwas, ya kawo ta. Duk tsawon kwanakin nan ba irin tunanin da ban yi ba.

Kin ce kina fata na gane. Na gane sarai. Ba a gani, ba a jin wari, daga garwashi take fitowa. Yo ai daga wuta aka halicce su, ko ba a koya muku a Islamiyya ba? Mutum ya so tashi ya kasa kuwa, wannan ai dannau ne, kowa ya san shi. Turaren da kika ce ya sa ta tari, ƙona su yake yi, shi ya sa. Da kin daure kin ci gaba.

Ita Malamar Allah ya saka mata da ta gano abin, amma maganar huda bango ban yarda ba. A yi musu ƙofa su riƙa shige da fice kamar gidan ubansu? Kada ku kuskura ku taɓa bangon nan.

Na yanke shawara, na kuma gaya wa Babanki Mika'ilu ya amince. Asabar ta sama Malam Gwadabe zai zo ya ɗauko Iya. Na sa an share ɗakin da ke kusa da nawa, an yi masa fenti, na shimfiɗa katifa. Ki haɗa mata kayan sawarta da tasoshinta. Turmi da kaskon suya a bar su, ta huta da ƙuli haka nan. Wannan karon ki karanta mata duka, kada ki tsallake ko harafi.

Gwaggonki,
Saratu

Fammar, ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ku duka kuna lafiya. Mu ma lafiya. An aiko daga Saji, Umma da jariri suna nan ƙalau.

Na karanta wa Iya takardarki daga farko har ƙarshe, kamar yadda kika ce. Da na kai wajen Asabar sai ta ɓata rai. Can ta ce, "Ɗakin nan aka kawo ni ina amarya. Daga nan za a ɗauke ni, amma ba a motar Gwadabe ba." Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Ni ma na kasa ci. Ba na so a rufe ɗakin, Gwaggo, ba na so a raba ni da ita.

Don haka zan faɗi magana kai tsaye. Ki gafarce ni, ba rashin kunya ba ce. Tun takardarki ta farko na ga inda maganar ta karkata, nauyi ne ya hana ni in ce wa babba ba haka ba ne.

Gwaggo, ba aljani ba ne. Iska ce ta shaƙa. Wadda take kaɗa ganye, wadda muke ja da hanci. Ita Malama take nufi.

Kin daɗe ba ki kwana a ɗakin Iya da sanyi ba, bari in gaya miki yadda yake. 'Yar tagar nan ta toshe ta da tsumma. Tana shigo da kaskon gawayi ta rufe ƙofa, ta saki labule. Ga maganin sauro na kunnawa a ƙarƙashin gado, ga turaren wutarta. Murhun suyar ƙuli kuma a bakin ƙofa yake, duk hayaƙin ciki yake shiga ya zauna, har rufin ɗakin ya yi baƙi. Hayaƙin ne yake sa ta tari. Wadda ba a gani ɗin kuma daga gawayi take fita in yana ci a rufaffen wuri, ita ce mai sa ciwon kai.

Da na yi wa Iya bayanin cewa iskar da Malama ta faɗa ce kika ɗauka aljanu ne, ta dube ni, ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ina zaman zamana Saratu ta yi mini kyautar aljanu! Tun tana yarinya haka take, in aka ce mata ga kunama sai ta ce maciji ne."

Da na ga ta sake, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, to zaɓi biyu ne fa. Ko taga ko Rano." Ta harare ni, ta ce, "Yaushe bakinki ya buɗe, ƙawata?" Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Je ki kira mini Haliru."

Malam Haliru magini, maƙwabcinmu, ya zo washegari. Da kanta Iya ta tsaya aka zaro tsumman tagar. Ba ki ga abin da ya fito ba. Tsohuwar hular Baba, rabin buhu, wani ɗankwali da ta daɗe tana cewa an sace mata a gidan biki, da gidan zanzaro. Malam Haliru ya huda wata 'yar taga a bangon da ke kallon waccan, daga can sama, ya sa wa duka biyun raga saboda sauro. Ya ce ba zai karɓi komai ba sai ƙuli mai sukari. Mun mayar da murhu can kusa da rumbu. Kasko yanzu a tsakar gida ake jin ɗuminsa, ba ya shiga ɗaki. Na ɗaura mana gidan sauron da aka raba wa Umma, mun daina kunna maganin.

Maganar sanyi ita ce rigima. Malama ta ce in zuba ruwan zafi a kwalba, in rufe sosai, in naɗe da zani in sa mata a ƙafa. Ranar farko Iya ta ce wannan wasan yara ne. Yanzu ita take tambaya, "Ina 'yar lelena?"

Na san kin ce kada a taɓa bango. Mun taɓa. Ki yafe mini. Ciwon kan ya tafi, nata da nawa. Tarin bai tafi duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ya ragu ƙwarai, kuma tana shan maganinta.

Don Allah Gwaggo, a bar ta.

'Yarki,
Afra'u

Rano, ranar Laraba

Afra'u, ja'irar yarinya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ki gaida Iya, ki ce mata maganar kunama da maciji na ji, Allah ya ba ta haƙuri.

Na karanta takardarki a kicin. Da na kai wajen "wadda take kaɗa ganye" sai na zauna a kan buhun wake. Na yi dariya har abokan aikina suka taru a kaina suna tambaya, ni kuwa kunya ta hana ni in faɗa. Da Babanki Mika'ilu ya ji, cewa ya yi, "To yanzu fentin da na yi wa zai biya ni gumina, mutanen ɓoye?" Har yau in ya ga na buɗe taga sai ya ce in yi sallama tukuna.

Ke ma da laifinki. Kalma biyu za ki ƙara tun farko, ki ce "ta shaƙa", da duk ba a yi haka ba. Daga yau in kin ga na kama hanyar daji ki kira ni. Gyara wa babba da ladabi ba rashin kunya ba ne. Bangon kuma na yafe.

Amma ki saurara. Uwata ce, kuma takarda ba ta tari, ba zan ji ƙirjinta a cikin rubutu ba. Na so in zo da kaina, sai aka ce 'yan ajin ƙarshe ba za su tafi hutu ba, dole a ci gaba da girki. Saboda haka motar tana nan zuwa ranar Asabar. Na gaya wa Malam Gwadabe ya shiga ya zauna, ya gaisa da Iya, ya ja ta da hira ya saurara da kyau. Mutum ne mai gaskiya. In ya ji tari yana sarƙe ta, ko numfashinta yana yankewa, to ku sa ta a mota, ba na son gardama. In ya ji lafiya, shi ke nan.

Ga bargo nan da safa na ba shi ya taho muku da su.

Gwaggonki,
Saratu

Fammar, ranar Asabar

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. Bargo da safa sun iso, Allah ya saka da alheri. Ina rubutu da sauri, don Malam Gwadabe yana sallar azahar, in ya idar zai kama hanya.

Tun da sassafe na tashi. Na haɗa kayan Iya a ɓoye na tura ƙarƙashin gado, don kada a ce na ƙi bin umarninki. Ita kuwa ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zaninta na zuwa suna, ta zauna a tsakiyar ɗaki kamar mai jiran alƙali.

Malam Gwadabe ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce, "Iya, ina kwana, ya ƙarfin jiki?"

Ta ce, "Shigo ciki, ɗan leƙen asiri. An ce kai aka aiko ka auna ni."

Ya ce, "A'a Iya, gaisuwa ce kawai."

Ta ce, "Gaisuwa da mota a ƙofar gida? Zauna. Ɗan wa kake ma? Ba jikan Zuwaira mai koko ba ne kai?"

Daga nan ta kama. Ta ba shi labarin kakarsa, da yadda aka yi bikin uwarsa ruwa ya cinye hanya aka ɗauko amarya a kan jaki. Ta koma kan ubansa, wai ya taɓa gudu daga gona saboda gwanda ta faɗo ya zaci kura ce. Ta faɗa masa gyaɗar bana, da ta bara, da wadda aka yi shekarar fara. Shi dai sai "na'am Iya", "haka ne Iya". Duk sanda ya yunƙura zai tashi sai ta ce, "Zauna, ban gama ba, ai saurare aka turo ka." Na kawo masa kunu ya shanye, ba ta tsaya ba. Rana ta shigo ta sabuwar tagar ta sauka a kan hularsa, ta wuce, ba ta tsaya ba.

Ta yi tari sau ɗaya, Gwaggo, gara ki ji daga bakina. Ta sha ruwa, ta dube shi ta ce, "Wannan na goro ne, kada ka rubuta shi." Ta ɗora daga inda ta tsaya.

Da aka kira salla ya samu ya fito. Na bi shi zaure ina wasa da bakin hijabina. Ya goge goshi ya ce, "Afra'u, ni ne numfashina ya yanke. Wannan tsohuwar in na kai ta Rano, Gwaggonki ce za ta nemi asibiti. Tarin da na ji bai kai a raba mutum da ɗakinsa ba. Zan gaya mata haka."

Na koma na zaro kayan daga ƙarƙashin gado. Iya ta gan ni, ta ce, "Au, har kin haɗa? Munafuka." Sai kuma ta jawo ni ta dafa kaina.

Ta ce in gaya miki ranar Litinin za mu koma wajen Malama a sake sauraren ƙirjin, don hankalinki ya kwanta. Ta kuma ce a cika miki kwano da ƙuli, na sa a kujerar gaba, ki ba Baba Mika'ilu nasa.

Ga motar nan ta taho, Gwaggo. Kada ki fito tarar Iya. Tana ɗakinta.

'Yarki,
Afra'u